Daga tsintar ƙwallo zuwa kujerar koci: jagora kan aikin horar da ƙwallon raga a jami'o'in Amurka

Ranar 30 ga Agustan 2023, mutum 92,003 suka cika babban filin wasa na Jami'ar Nebraska da ke birnin Lincoln, don kawai su kalli ɗalibai mata suna buga ƙwallon raga. Mutumin da ke zaune a kujerar koci a ranar, John Cook, bai taɓa buga wannan wasa wa wata jami'a ba. Tarihi ya karanta a Jami'ar San Diego, ya samu aikin koyarwa a wata makarantar sakandare mai suna Francis Parker, burinsa ya horar da samari ƙwallon Amurka, waccan da ake runguma a ruga da ita. Sai makarantar ta ɗora masa 'yan mata da raga. Littattafai ya nemo ya koyi dokokin wasan. Kafin ya yi ritaya a watan Janairun 2025, ya ɗauki kofin ƙasa sau huɗu: 2000, 2006, 2015 da 2017.

Tun da wani ƙanena, wanda ya buga wa jami'arsu a gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya, ya ga bidiyon wancan taro, bai bar ni na sha ruwa ba. Kullum tambayarsa ɗaya: "Yaya, ta ina ake shiga wannan aiki?" Shi ya sa na zauna na bi tarihin aikin masu horarwa da ma'aikatansu ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gani shi ne, harkar nan sana'a ce irin ta maigida da yaronsa, kamar ƙira ko ɗinki. Mutum yakan daɗe yana hidima a shagon wani kafin a yaye shi. Ga matakan, yadda zan faɗa wa ƙanena.

Mataki na farko: karanta tarihin mutum daga ƙasa zuwa sama

Kowace jami'a a Amurka tana da shafin wasanni a intanet, kuma a ƙarƙashin jerin 'yan wasa za ka ga jerin masu horarwa da ma'aikata, kowa da tarihinsa. Sakin layi na farko kusan ko da yaushe kirari ne: kofuna, lambobin yabo, yawan nasarori. Wannan ba zai koya maka komai ba. Gangara can ƙasa, inda aka rubuta makarantar da ya yi da aikinsa na farko, ka faro karatu daga nan kana hawowa.

Ka ɗauki littafin rubutu ka ja layi huɗu: abin da ya karanta, aikinsa na farko a harkar, ƙarƙashin wa ya yi hidima, shekara nawa ya yi kafin ya samu kujerarsa. Ka cika wa mutum ashirin. Kada ka tsaya kan manyan jami'o'i kawai, ka haɗa da ƙanana, kuma ka haɗa da mataimaka, domin hanyar da suka bi ta fi kusa da zamaninka.

Ga irin abin da zai fito maka. Kelly Sheffield na Wisconsin ɗan garin Muncie ne a jihar Indiana, garin da ƙwallon raga ta zama kamar gadon gida. Shi ma bai buga wa jami'a ba. Da horar da yara ya fara a garinsu, ya yi mataimaki a Houston da Virginia da Clemson, ya samu kujerarsa ta farko a Albany a 2001, ya koma Dayton a 2008, sannan Wisconsin a 2013. Kofin ƙasa bai zo hannunsa ba sai 2021, shekara ashirin cur bayan ya zama babban koci. Terry Pettit, wanda ya gina martabar Nebraska daga 1977 zuwa 1999, malamin Turanci ne marubucin waƙoƙi. Jerritt Elliott na Texas, mai kofuna uku a 2012 da 2022 da 2023, ya yi shekaru yana fama da 'yan sakandare da ƙungiyoyin yara a Kalifoniya kafin ya zama mataimaki a jami'ar USC.

Akwai kuma waɗanda suka yi fice a fili tun suna ɗalibai, musamman a cikin matan da ke riƙe da manyan kujeru yanzu. Amma ko su ɗin, idan ka ƙirga shekarun da suka yi suna mataimaka, za ka ga sunan da suka yi a fili ƙofa kawai ya buɗe musu. Dani Busboom Kelly ta ɗauki kofi tana 'yar wasa a Nebraska a 2006, duk da haka sai da ta yi shekara takwas tana mataimakiya a Tennessee da Louisville da Nebraska kafin Louisville ta ba ta kujera a 2017.

Mataki na biyu: san gidan da ɗakunansa

Hukumar da ke kula da mafi yawan wasannin jami'o'i ita ce NCAA, kuma tana da rukuni uku. Rukuni na Ɗaya shi ne na manya, inda ƙungiyoyin mata na ƙwallon raga suka haura 330. Rukuni na Biyu yana da ƙarancin kuɗi, Rukuni na Uku kuma ba ya ba da tallafin karatu saboda wasa kwata-kwata. Bayan NCAA akwai NAIA ta ƙananan jami'o'i, da NJCAA ta kwalejojin shekara biyu.

Aikin yi ya fi yawa a ɓangaren mata nesa ba kusa ba. Dalili shi ne dokar da ake kira Title IX ta 1972, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata. Jami'o'i suka buɗe ƙungiyoyin mata barkatai, NCAA ta fara gasar kofin mata a 1981. Ƙungiyoyin maza kaɗan ne idan aka kwatanta, ko da yake gasarsu ta girmi ta mata, tun 1970 ake yin ta. Saboda haka namijin da ke son wannan aiki ya sa a ransa cewa, mai yiwuwa ne ƙwarai 'yan mata zai horar, kuma dokokin mu'amala da su suna da tsauri, ba a wasa da su.

A babbar jami'a, ga mutanen da za ka tarar a bakin fili. Akwai babban koci da mataimaka har uku. Galibi ɗaya daga cikinsu shi ne na hannun dama, ɗaya kuma shi ke jagorantar zawarcin sabbin 'yan wasa. Akwai daraktan gudanarwa, wanda aikinsa ba koyar da wasa ba ne: tikitin jirgi, otel, abinci, kasafin kuɗi, jadawali. Akwai mai kula da bidiyo da alƙaluma. Akwai kocin ƙarfafa jiki, da mai kula da raunin 'yan wasa. Can ƙasa kuma akwai ɗaliban da ke tsintar ƙwallo, su kafa raga, su wanke riguna, da samarin da ake kira su buga da 'yan matan a atisaye don su ƙara musu ƙarfin duka. Kada ka raina waɗannan na ƙasa. Mataimaka maza da yawa daga nan suka taso.

A ƙaramar kwaleji kuwa, duk waɗannan ayyuka suna iya taruwa a kan mutum biyu. Koci shi ke tuƙa motar, shi ke sayo burodi, mataimakinsa kuma wataƙila yana da wani aikin da rana.

Wani abu da zai iya ruɗa ka: a tsofaffin tarihai za ka riƙa ganin mutum ya fara da "mataimakin sa-kai", wato wanda ba a biya. Daga 1 ga Yulin 2023, Rukuni na Ɗaya ya soke wannan muƙami, ya mayar da shi kujerar mataimaki sosai. Ƙofar da mutane da dama suka bi ta canja kama, don haka kada ka gina shirinka a kanta.

Mataki na uku: digiri

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Kusan duk tallan aikin koci a jami'a yana neman digirin farko, da yawa kuma suna cewa an fi son mai digiri na biyu. Fannin bai cika damun su ba, ka ga Cook da tarihi, Pettit da adabi. Amma idan yanzu kake zaɓa, ilimin motsa jiki, harkar gudanar da wasanni, ilimin halayyar ɗan Adam ko lissafi za su fi yi maka amfani.

Ayyuka biyu ne ba a shiga sai da takarda ta musamman. Kocin ƙarfafa jiki ana neman sa da shaidar CSCS ta ƙungiyar NSCA, wadda sai mai digiri ko ɗan shekarar ƙarshe ke zama jarrabawarta. Mai kula da rauni kuma a yanzu sai ya yi digiri na biyu a kwas ɗin da aka tantance, ya ci jarrabawar hukumar BOC, sannan yawancin jihohi su ba shi lasisi.

Mataki na huɗu: nemi maigida

Nan ne zuciyar maganar. Idan ka cika layi na uku a littafinka, wato "ƙarƙashin wa ya yi hidima", za ka ga sunaye kaɗan suna ta maimaituwa, kamar salsalar malamai da almajiransu.

Dubi gidan Nebraska. Pettit ya ɗauki Cook mataimaki a 1988. Cook ya tafi ya yi mataimaki a tawagar maza ta Amurka da ta samu tagulla a gasar Olamfik ta 1992, ya riƙe Wisconsin shekara bakwai. Da Pettit ya kusa sauka, sai Cook ya bar kujerarsa ya dawo ya sake zama na hannun daman tsohon maigidansa a 1999, shekara guda, sannan ya gaje shi. A kakarsa ta farko bai yi rashin nasara ko sau ɗaya ba. A ƙarƙashin Cook aka horar da Craig Skinner, wanda ya koma Kentucky a 2005 kuma ya ɗauki kofin kakar 2020. Christy Johnson-Lynch, mai ɗaga ƙwallo a tawagar Pettit da ta ci kofin 1995, ta karɓi Iowa State a 2005. Da Cook ya yi ritaya kuma, ɗalibarsa kuma tsohuwar mataimakiyarsa Busboom Kelly ce ta dawo ta hau kujerar.

Haka gidan Penn State. Russ Rose ya riƙe ƙungiyar daga 1979 zuwa 2021, ya ci wasa 1,330 da kofuna bakwai, huɗu daga ciki a jere, daga 2007 zuwa 2010. Wadda ta gaje shi, Katie Schumacher-Cawley, tana cikin 'yan wasansa da suka ɗauki kofin 1999. Ta tafi ta yi shekaru a jami'ar Illinois ta Chicago, mataimakiya sannan babbar koci, ta riƙe jami'ar Penn shekara ɗaya, ta dawo gida a 2018 ta zauna kusa da Rose har kaka huɗu.

Me wannan ke nufi gare ka? Idan aiki biyu suka zo maka, ɗaya da albashi mai ɗan kauri a hannun kocin da ba ya sakin aiki ga kowa, ɗaya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a hannun wanda yaransa suka bazu suna riƙe da kujeru, ni dai na biyun zan ce ka ɗauka, muddin za ka iya ciyar da kanka. Hanyar gane maigidan kirki tana da sauƙi. Bincika mataimakansa na shekara goma da suka wuce, ka ga ina suke yanzu. Idan duk shekara sabbi yake ɗauka, tsofaffin kuma sun bar harkar gaba ɗaya, akwai magana. Idan sun ci gaba, kuma suna ambaton sunansa, ka samu shago.

Shiga wurin irin waɗannan mutane yawanci ta sansanin horon bazara ne. Kusan kowace jami'a tana buɗe sansani ga yara a watan Yuni ko Yuli, kuma tana buƙatar hannaye da yawa. Kwana uku ko huɗu kana tsaye daga safe har dare, kana jefa wa yara ƙwallo, muryarka ta dishe. Babban koci yana zagayawa yana kallo. Yana ganin wanda ya zo da wuri ya kafa raga, da wanda ya haddace sunayen yara goma sha biyun da aka ba shi, da wanda ya jingina da bango yana latsa waya. Ɗaya wurin haɗuwar shi ne taron shekara-shekara na ƙungiyar masu horarwa ta AVCA, wadda aka kafa a 1981. Ana yin sa a watan Disamba, a garin da ake buga wasannin ƙarshe na kofin ƙasa, kuma ganawa da yawa ta neman aiki a nan ake fara ta.

Mataki na biyar: riƙe sana'a ɗaya da hannu biyu

Babu wanda zai ɗauke ka don kana son wasan. Kowa yana so. Ana ɗaukar mutum ne don ya iya wani abu da zai rage wa maigida nauyi. Abubuwa uku ne ake saye: zawarcin 'yan wasa, horar da wani matsayi guda kamar masu ɗaga ƙwallo ko libero (ƙwararren mai tsaron baya), da kuma alƙaluma.

Zawarci shi ne jinin harkar. Daga watan Janairu zuwa Yuli, ƙungiyoyin yara suna buga gasa a manyan zauruka inda ake shimfiɗa filaye birjik a ƙarƙashin rufi ɗaya, mataimaka kuma suna yawo daga wannan fili zuwa wancan suna rubutu. Dokar Rukuni na Ɗaya ta hana koci tuntuɓar yarinya sai daga 15 ga Yuni bayan ta gama shekararta ta biyu cikin shekara huɗun babbar sakandaren Amurka. Tun da aka buɗe rumbun sauya sheƙa a 2018, inda ɗalibin da ke son komawa wata jami'a ke sa sunansa, sannan aka bar ɗalibai su samu kuɗi da sunansu daga Yulin 2021, aikin ya ninku, domin yanzu har 'yan wasan da ke hannunka sai ka riƙa lallaɓa su kada su tafi. Sai dai wannan sana'a ce ta wanda ya san ƙasar da mutanenta. Baƙo ba zai fara da ita ba.

Alƙaluma kuwa ba su san baƙo ba, kuma za ka iya fara koyonsu gobe da yamma a kowane fili, ko ragar ta saki ko ƙasa ce ba siminti ba. Rose kansa kundin digirinsa na biyu a Nebraska, a 1978, a kan alƙaluman ƙwallon raga ya rubuta shi. Jamie Morrison ya yi aikin bidiyo da nazarin abokan karawa a tawagar maza ta Amurka da ta ci zinare a Beijin a 2008, daga baya ya zama kocin tawagar mata ta ƙasar Holan, sannan jami'ar Texas A&M ta ba shi kujera.

Ga yadda za ka fara. Zauna a bayan fili da littafi da biro, ka rubuta sunayen masu karɓar sabis. Duk ƙwallon da aka karɓa ka ba ta maki. Uku, idan ta je daidai kan mai ɗagawa har yana da zaɓin ba kowane mai duka. Biyu, idan zaɓinsa ya ragu. Ɗaya, idan da ƙyar aka ceto ta. Sifili, idan ta faɗi ko ta tashi waje. Yaron da ya karɓi ƙwallo 20 ya tara maki 44, matsakaicinsa 2.2 ke nan. Sai masu duka. Ƙirga dukan da ya ci maki, cire kurakurai, wato wanda ya fita waje, ya daki raga ko aka tare shi ya faɗo, sannan ka raba da yawan dukan da ya yi gaba ɗaya. Wanda ya yi duka 30, ya ci 14, ya ɓata 5, sakamakonsa 9 a raba da 30, wato 0.300. Wanda ya ci 16 amma ya ɓata 10 cikin duka 30 ɗin, 0.200 gare shi, duk da shi 'yan kallo suka fi yi wa ihu. Ranar da ka fara nuna wa koci wannan takarda, za ka ga yadda kallon da yake yi maka zai canja. Na uku, ka riƙa lissafa sau nawa ƙungiya ke karɓe maki idan abokan karawa ne ke sabis, a kowane juyi daga cikin juyi shida, wato tsayuwa shida da 'yan wasa ke zagayawa a fili. Nan za ka gano juyin da ƙungiyar ke zubar da maki.

Idan hannunka ya faɗa, sai ka koma kwamfuta. Manhajar da aka fi sani ita ce DataVolley ta wani kamfanin Italiya, inda ake buga lambar kowane taɓi da madannai yayin da wasa ke gudana. Jami'o'in Amurka suna amfani da VolleyMetrics na kamfanin Hudl sosai. Wasanni cike suke a YouTube. Ɗauki ɗaya, ka rubuta rahoton shafi biyu kan ƙungiya guda: wa ke da rauni wurin karɓar sabis, ina mai ɗagawa ke kai ƙwallo idan an matsa masa, wane lungu babbar mai dukansu ta fi so. Rahoto goma irin wannan sun fi takardar yabo goma.

A kula kuma, dokokin wasan mata a jami'o'in Amurka sun ɗan bambanta da na hukumar duniya ta FIVB da muka saba da su. Misali, ana canjin 'yan wasa har sau 15 a zagaye ɗaya maimakon 6, abin da ke ba koci damar amfani da ƙwararrun tsaron baya da yawa. Wanda bai san wannan ba, rahotonsa zai nuna.

Mataki na shida: takardun shaida

A Amurka, mai horar da yara a ƙarƙashin hukumar USA Volleyball yana yin kwas ɗin farko da ake kira IMPACT, da horon SafeSport kan kare yara daga cin zarafi, a kuma binciki tarihinsa. A jami'a akwai horon dokokin NCAA da koci zai kammala kafin a bar shi ya fita zawarci. Wanda ke nahiyarmu ta Afirka kuma, kwasa-kwasan FIVB na mataki na ɗaya zuwa na uku, da ake shiryawa ta hannun hukumomin ƙasashe, su ne takardar da za a gane a ko'ina. Ɗan Najeriya yana iya ƙarawa da kwas ɗin horarwa na Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Takardun nan ba sa ba da aiki su kaɗai, amma rashinsu yana hanawa.

Mataki na bakwai: ƙofar baƙo

Baƙi sun yi nisa a wannan harka. Hugh McCutcheon ɗan New Zealand ne. Ya zo jami'ar BYU ɗalibi ɗan wasa a farkon shekarun 1990, daga baya ya yi wa kocinsa Carl McGown mataimaki daga 1995 zuwa 2001, ya je ya horar da ƙungiya a birnin Biyana na Ostiriya, ya dawo ya kai mazan Amurka ga zinare a 2008 da matansu ga azurfa a Landan a 2012, sannan ya riƙe Minnesota har 2022. Ka lura, ta ƙofar karatu ya shiga.

Ƙofar da ta fi dacewa da wanda ya riga ya gama digiri ita ce muƙamin da suke kira GA, wato ɗalibin digiri na biyu da ke taimaka wa koci. Yawanci shekara biyu ne. Jami'a ta ɗauke maka kuɗin makaranta duka ko wani kaso, ta ba ka ɗan alawus, kai kuma ka yi hidima. Ƙananan jami'o'i na Rukuni na Biyu da na Uku da NAIA sun fi dogara da irin waɗannan ɗalibai, kuma a can ne za a bar ka ka taɓa komai. Sai ka cika sharuɗɗa biyu lokaci guda: koci ya so ka, makarantar digiri na biyu kuma ta ba ka gurbi. Don haka ka tanadi sakamakon karatunka, ka kai shi a tantance a wuri irin WES, masu tantance takardun karatun ƙasashen waje, idan an nema, ka kuma duba ko jami'ar tana buƙatar jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS.

Bizar ɗalibi ta F-1 tana ba da damar aiki a cikin makaranta har awa 20 a mako lokacin karatu, bayan kammalawa kuma akwai izinin aiki na wata 12 a fannin da ka karanta. Shi ya sa fannin digirin yake da muhimmanci a nan: ya kasance yana da alaƙa da wasanni. Kuma kada ka yi ko da aikin sa-kai a wajen makaranta ba tare da ka tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje ba.

Dole in faɗi gaskiya mai ɗaci. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga, ciki har da Chadi da Sudan, kuma a ƙarshen shekarar ta faɗaɗa takunkumin ya shafi Nijar da Najeriya. Kafin ka kashe ko sisi a kan jarrabawa ko takardar neman gurbi, duba shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarka ka ga halin da bizar ɗalibai take ciki a lokacin. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai samo maka kujerar GA, ka riƙe kuɗinka. Matakai na ɗaya zuwa na shida kuwa babu wanda yake jiran biza, kuma ƙungiyar sakandare ko ta jami'ar da ke kusa da kai tana buƙatar mai littafi da biro.

Ke kuma 'yar'uwa, kada ki ɗauka zancen na maza ne. Mary Wise tana da shekara 21 kacal Iowa State ta ba ta kujera a 1981. Bayan kaka huɗu ta sauka, ta koma mataimakiya a Kentucky ta ƙara koyo, sannan ta riƙe Florida daga 1991 har ta yi ritaya a farkon 2025 da nasarori sama da 1,000. Amma abin da ke ci mini rai shi ne, shekara arba'in da uku ana buga gasar mata, duk kofunan Rukuni na Ɗaya maza ne ke ɗagawa a matsayin manyan koci. Sai a Disambar 2024 aka karya wannan, ranar da mata biyu suka haɗu a wasan ƙarshe, Schumacher-Cawley ta doke Louisville ta Busboom Kelly da ci 3 da 1, alhali tana tsaka da jinyar sankarar mama.

Mataki na takwas: neman aikin da kansa

Kakar mata tana farawa a ƙarshen Agusta, ƙungiyoyi 64 su shiga gasar kofi a Disamba. Da zarar an gama, sai kujeru su fara motsi. Wanda za a sallama a sallame shi, babban koci ya tashi da mataimakansa, guraben da suka bari su buɗe. Daga Disamba zuwa Maris ne kasuwar ke ci, guraben GA kuma sukan kai har bazara. Ana tallata su a shafin ayyuka na NCAA, da na AVCA, da shafin kowace jami'a.

Idan lokaci ya yi da za ka zaɓa tsakanin zama mataimaki a babban gida da zama maigida a ƙaramin shago, duka biyun sun kai mutane. Dan Fisher ya ɗauki kofin NAIA da ƙaramar jami'ar Concordia ta Irvine a 2012, shekara mai zuwa Pittsburgh ta kira shi, ya mayar da ita ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar. Ra'ayina shi ne, wanda ya yi shekara biyar ko shida yana mataimaki ya kamata ya ɗanɗana kujera ko da ƙarama ce, domin yanke hukuncin wa zai zauna a benci, da fuskantar uwar yarinyar da ba a sa ba, ba a koyonsu daga gefe.

Wasiƙarka ga koci kada ta wuce sakin layi uku. Na farko ka faɗi ko kai wane ne da abin da ka iya, a jimla biyu. Na biyu ka nuna ka kalli ƙungiyarsa, ka ambaci wasa guda da abu ɗaya da ka lura da shi a ciki, cikin ladabi, ba da sigar gyara masa aiki ba. Na uku ka ce ka haɗo da rahoton nazari kan wata ƙungiya da zai kara da ita a kaka mai zuwa, da ɗan bidiyon minti biyar na kana jagorantar atisaye. Ka sa sunayen mutum uku da suka ga aikinka da idonsu, bayan ka nemi izininsu. Idan mako biyu ya wuce shiru, ka sake tuntuɓa sau ɗaya, sannan ka wuce ga sunan da ke biye a littafinka.